Kaboyin Rigakafin Shanu

Lokacin da naira ke sabuwa, duk Gumel babu wanda ya kai ni tara hotunan sinima. Da na ga wani hoto a kasuwar Maigatari, kaboyi riƙe da bindiga, rubutun Faransanci, ban tambayi kowa ba. Na manna shi a shagon ɗinkina, na yi wata guda ina ba mutane labarin fim ɗin, har yadda aka kashe bos.

Sai wani direba ɗan Damagaram ya karanta, ya ce, "Maigida, ai sanarwar rigakafin shanu ce. Sirinji ne a hannunsa."

Ban cire ba, kuma ba zan cire ba. Har yau in garke ya wuce, sai maƙwabta su ƙwala kira: "Tela, fito, ga 'yan wasanka sun iso!"