Ranar da Na Bar Amarya a Mota

Ba zan taɓa iya mantawa da ranar da muka kai ƙanwata Zara ɗakin miji ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Fezzan a Maiduguri ba za su bar ni ba. Har yau in na wuce majalisa ina ɗan sauri, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, lafiya dai, ko an tayar da Jirgi ne?"

Jirgi sunan motar marigayi mahaifinmu ne. Doguwar mota ce ƙirar Amurka, wadda ya saya a hannun wani Bature mai aikin noman rani tun zamanin da fataucin shanu ke ci. Injinta silinda takwas ne, manya, in ka buɗe gaban motar sai ka ga kamar bijimi ne ya kwanta a ciki. A cikinta aka kai yayyena mata uku gidajen mazajensu. Bayan rasuwar Baba ta kwanta, muka ɗora ta kan duwatsu a gindin darbejiyar tsakar gida, kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Shekara tara tana nan.

Sai garin ya shiga halin da kowa ya sani. Hanyoyi suka rufe, shanu suka daina shigowa, ni da na gaji sana'ar Baba na koma zaman gida. Ga dokar hana fita, kafin ƙarfe shida na yamma kowa ya shige. Mutum ya zauna ba aikin fari ba na baƙi sai kasa kunne, in murfin tukunya ya faɗi gabansa ya faɗi. A wannan lokacin aka sa ranar Zara, autarmu. Ammi, mahaifiyarmu, ta dubi wajen darbejiya wata safiya ta ce, "Ita kaɗai ce ba za ta shiga motar ubanta ba." Ba ta roƙe ni komai ba. Ni ne na buɗe bakina na ce, "Ammi, in Allah ya yarda a Jirgi za a kai ta, kuma ni zan tuƙa."

Na je na ɗauko Ba Modu, tsohon bakanike Babarbare, wanda shi ke duba motar tun Baba na raye. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa gefenta ya gaishe ta da Barbarci, "Wushe, wushe," kamar ya ga tsohuwar maƙwabciya. Muka ɗaura sarƙa a reshen darbejiya muka zaro injin. Muka warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, muna wankewa da kananzir, muna jera kusoshi a farantan Ammi (ba ta sani ba sai da ta nemi na tuwo).

Da na tsaya a gyara kawai da ba a samu labarin nan ba. Amma ni akwai ni da son a sani. Na ce tunda an buɗe, a ƙara mata ƙarfi. Muka kai gangar injin wurin masu gogewa aka faɗaɗa ramukan silinda, na aika aka kawo mini fistin masu girma ta hanya ɗaya da ta rage a buɗe, muka jira su sati biyar. Aka aske kan injin kaɗan don matsi ya ƙaru. Na samo kafireto mai baki huɗu a jikin wata matacciyar mota, na biya kuɗin da har yau matata ba ta san adadinsa ba. Lagireto ma sai da na sauya.

Gaskiya zan faɗa, watanni bakwai da muka yi muna wannan aikin su ne mafi daɗin da na yi a cikin shekarun tashin hankalin. Da safe Ba Modu ya zo, mu sha shayi, mu duƙufa. Hannuna ya yi baƙi, farcena ya farfashe, amma zuciyata ta samu abin riƙewa. Ko an ji ƙara daga nesa, sai mu ɗan tsaya, mu yi addu'a, ya ce, "Miƙo mini sifana sha huɗu." Ranar da injin ya fara tashi Ammi ta fito ƙofar ɗaki ta tsaya, ta ce muryarta ce sak ta zamanin Baba, ta share ido da gefen lafayarta ta koma ciki. Ni ma na juya baya na yi kamar hayaƙi ne.

Ba Modu yana da yadda yake sauraron inji. Sai ya kafa bakin sukudireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido. Da ya gama ya ce, "Ɗana, ƙarfi kam ya samu. Amma ina za ka kai shi? Daga nan zuwa kasuwa shinge nawa ne?"

Na ce, "Ba Modu, ai ba za a dawwama a haka ba."

"Allah ya sa. To abu biyu zan gaya maka. Injin nan yanzu ba ya son tsayuwa, in ya mutu a layi kada ka yi ta danna totur, ka bar shi ya huta. Na biyu, kada ka taɓa salansa. Kunnen garin nan ya gaji."

Na ce to. (Irin "to" ɗin da ake ce wa likita in ya hana cin maiƙo.)

Abin da ya dame ni shi ne, motar ta yi shiru da yawa. Wata bakwai ina wahala, in na tayar da ita maƙwabta ba su ma sani ba. Ana saura kwana biyu biki, Ba Modu ya tafi gaisuwar mutuwa, na kai ta wurin mai walda na sa ya yanke tukunyar salansar ya jona miƙaƙƙen bututu. Na dawo na ƙara buɗe mata mai kaɗan a kafireto. Da na tayar, kwanuka suka yi rawa a madafa. Na tsaya ina murmushi ni kaɗai, na ce yanzu aka yi mota.

A shekarun nan ba a kai amarya bayan isha kamar da. Ana idar da la'asar ake fita, don a kai ta a dawo kafin doka ta kama. Gidan angon yana Bulabulin, ba wata tafiya ba ce, amma akwai shingen sojoji a tsakani. Na ci babbar riga fara ƙal, na kafa zanna bukar, na fesa turare. Zara tana baya an lulluɓe ta, kusa da ita gwaggon ango, wata dattijuwa mai suna Ya Falmata, wadda aka turo ɗaukar amarya. Motoci biyar na biye da mu, Ba Modu na cikin ta ƙarshe. Muna fita yara suka bi mu da ihu, ni kuwa hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga, ina ɗaga wa mutane kamar ni ne angon.

Muka iso shingen muka tarar da layi. Wanda bai zauna a Maiduguri lokacin ba sai an yi masa bayani. Buhunan yashi ne da ganguna, mota ta matso taku uku ta tsaya, fasinjoji su sauka su wuce da ƙafa hannuwa a sama. Amarya da tsohuwa akan ɗaga musu ƙafa su zauna. Ba mai hon, ba mai ɗaga murya, ba mai amsa waya. A cikin shirun nan Jirgi take ta gurnani, kowa na waiwayenmu. Allurar zafi ta fara hawa. Saura mota uku a zo kanmu ta yi tari ta mutu.

Me Ba Modu ya ce? In bar ta ta huta. Me na yi? Na kalli agogo, biyar da kwata, na hango soja yana yi mini alama da hannu in matso, na shiga danna totur ina murɗa makulli. Sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. Ashe duk man da nake turawa yana gangarawa ya taru a bututun nan nawa. A na shida ta kama.

Ban san yadda zan rubuta ƙarar ba. Guda biyu ce, ta biyun ta fi ta farko.

Abin da na sani shi ne, na buɗe ido na gan ni a cikin kwata. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba, ban san yadda na tsallake teburin mai kankana ba. An ce na wuce wani saurayi mai rigar ƙwallo kamar yana tsaye. Hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya tsaya a titi. Ina kwance ruf da ciki cikin baƙin ruwa, ina salati, kusa da ni wani mai keke mai ƙafa uku shi ma yana nasa. Na ɗaga kai a hankali na hango hayaƙi na fita daga bayan Jirgi. Tunanin farko da ya zo mini (Allah ya yafe mini) shi ne, wane azzalumi ne ya dasa abu a ƙarƙashin motata? Sai da na ji injin yana ci gaba da gurnaninsa lafiya lau, sannan na gane azzalumin.

Daga nan abin ya daina zama na dariya. Titi ya watse, ba kowa a tsaye. Sojoji sun kwanta bayan buhuna, bindigoginsu duka sun auna wuri ɗaya, motar da direbanta ya fita a guje ya bar ƙofa a buɗe. A garinmu a lokacin, kowa ya san ma'anar wannan. Kuma Zara na ciki. Na so in tashi in yi ihu, amma na ci gaba da kwanciya a kwatar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ɗan lokacin ba, ban kuma taɓa raina kaina haka ba.

Sai ƙofar baya ta buɗe a hankali. Hannuwa biyu masu lalle suka fara fitowa, sannan Ya Falmata ta fito, ta tsaya ta gyara lafayarta da kafaɗa. Ta ce da ƙarfi, "'Ya'yana, ku kwantar da hankali! Mota ce ta yi tusa! Shekara talatin na yi ina auren direban babbar mota, na san ta. Amarya ce a ciki, ba kowa." Ta juya dama da hagu. "Ina ɗan nan mai tuƙa mu?"

Mai keken da ke kusa da ni ya kalle ni, ya kalli babbar rigata. Ya ce, "Alhaji, ina jin kai ake nema."

Na tashi. Na taho da hannuwa a sama, ƙafa ɗaya da takalmi, ruwan kwata na ɗiga daga hannun rigar, a gaban dangin ango kaf da suka fara leƙowa daga bayan motoci. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Babban sojan ya sa na kashe motar, na buɗe gaba da baya, suka bincika ko'ina har ƙarƙashin kujeru. Bai yi mini ihu ba, da ma ya yi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon injin, ya ce, "Wa ya haɗa wannan?"

Ku ji halin ɗan Adam. Ina tsaye ina wari, amma sai na ji ƙirjina ya ɗan taso. Na ce, "Ni ne, yallaɓai. Silinda takwas ne."

Ya ce, "Ya yi kyau. In ka sake tayar da shi a nan, a nan za ka kwana. Ku tura ta."

Aka ce a mayar da amarya wata motar, Ya Falmata ta ce atafau, a gidansu amarya ba ta sauka a hanya, motar da ta ɗauko ta ita za ta sauke ta. Ba Modu ya iso, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga bututun. Ya miƙo hannu, na sa masa makulli, ya shiga ya kama sitiyari. Ni da abokan ango muka dafa baya. Motar nan nauyi gare ta kamar gida. Haka muka tura injin da na yi wata bakwai ina ƙara wa ƙarfi, tun daga shingen har lungun Bulabulin, mata na biye da mu suna guɗa, ban sani ba ko ta amarya ce ko tawa. Muka isa saura minti goma shida. A can muka bar motar ta kwana, kowa ya yi ta kansa.

Na shiga gida ina ɗingishi, Ammi ta tambaye ni abu ɗaya: "A motar ubanta ta sauka?" Na ce e. Ta ce alhamdulillahi, je ka yi wanka.

Bayan kwana uku na je gidan Zara, na zauna na kasa haɗa ido da ita. Na ce ta yafe mini, na gudu na bar ta. Ta ce ita ma ta so gudu, Ya Falmata ce ta danne mata gwiwa. Ta zuba mini shayi, sai na ga kafaɗunta na rawa don dariya. Ta ce, "Yaya, duk gudun da ka yi wata bakwai kana nema wa Jirgi, ashe a ƙafarka yake."

Na mayar da tukunyar salansar da hannuna, Ba Modu na zaune a kujera yana kallo yana shan shayi. Jirgi na nan har yau, lafiyarta ƙalau. Da hanya ta samu nakan je da ita Zabarmari in sayo shinkafa, kuma in na samu fili nakan ɗan taka ta, ta amsa mini yadda nake so, in ji daɗi a raina. Amma na koyi cewa in tsoho ya ce kada ka taɓa abu, ka bar shi a inda ka gan shi. Kuma duk ƙarar da na ji yanzu, ko ta taya ce ko ta murfin tukunya, kafin in nemi ƙofa sai na waiwaya na duba wa ke kujerar baya.