Ramar da Na Kai wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na zama manomi ba. Ko na so in manta ma, mutanen Garwa ba za su bar ni ba.

Ni ɗan kasuwa ne, jikan ɗan kasuwa. Kakanmu fataucin atamfa ne ya kawo shi daga Kano, mu kuma a shago muka buɗe ido. Ban taɓa riƙe fartanya ba. Amma duk ranar da na hau gadar Binuwai na hangi gonaki shar a bakin ruwa, sai zuciyata ta tafi can ta bar ni a kan babur. Nakan ga kaina da malafa, ina ratsa kunya-kunya da sassafe, raɓa na jiƙa mini ƙafar wando.

Shekarar da muka koma wani gidan haya a bakin gari, sai na tarar da fili a bayan ɗakuna, a ɗakin ajiya kuma ga wani gwangwanin madara cike da iri, ƙanana masu ɗige-ɗige. Wanda ya zauna a gidan kafin mu, an ce bakanike ne, ya tashi ba shiri ya tafi Kusiri. (Ban tambayi abin da ya tashe shi ba shiri ba. Ya kamata in tambaya.)

Ruwan farko na sauka na watsa irin. Da ya tsiro ya fitar da ganye kamar yatsun hannu, sai na buga ƙirji na ce rama ce. Ai na sha cin kwaɗon rama, wa zai koya mini?

Matata Hadiza ta tsaya ta duba, ta ce, “Baban Ummi, anya? Ramar da Inna ke saya ba ta wannan warin.”

Na ce, “Irin zamani ne. Ke me kika sani a noma?”

(Ni ɗin me na sani?)

Wata biyar na yi a wata duniya. Da na rufe shago bayan la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a bayan gida in kishingiɗa. Shukar ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta wuce kaina. Iska na kaɗa ta a hankali, hadari na haɗuwa ta wajen duwatsu, ni kuwa ina can ina gina rumbuna a zuci. Na sayi gona a Cholliri, na sayi shanun huɗa biyu har na raɗa musu suna, na ga manyan motoci suna layi suna lodin ramata zuwa Yawunde. Wani lokaci sai Hadiza ta kira ni sau uku kafin in dawo. Na hana kowa tsinkar ko ganye ɗaya, na ce girbin farko na surukina ne.

Da shukar ta leƙo ta saman katanga, sai samarin unguwa suka fara gaishe ni da wani irin ladabi. Wanda bai taɓa kallona ba sai ya cire hula ya ce, “Patron, Allah ya ja da rai! Yaushe za a sauke?” Ni kuma in ce, “Sai kaka, in sha Allah, kowa zai samu.” Har na ce wa Hadiza ashe yaran yanzu suna girmama manomi.

Damina ta ja baya, kawunan shukar suka yi nauyi. Na lura ba ta yi furen rama ba, amma na ce irin zamani ke nan. Ranar wata Juma'a na yanko dami guda mai kyau, na ɗaure a bayan babur, na sa babbar rigata, na ratsa tsakiyar gari zuwa gidan surukina.

Surukina Alhaji dillalin shanu ne, mutum mai ƙarancin magana. Bayan an sauko daga masallaci zaurensa kan cika da mahauta da abokan ciniki. A ranar har da amininsa Baba Hamadu, Bafulatani, tsohon jandarma da ya yi ritaya. Na cire takalmi, na durƙusa na gaida su, na ajiye damin a tsakiyar tabarma.

“Baba, ga ɗan abin da na noma da hannuna. A kai wa Hajiya ta yi kwaɗo.”

Kowa a zauren ya zuba wa damin ido. Ni na ɗauka mamakin ƙoƙarina ne, har na sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo.

Baba Hamadu ya miƙa hannu ya tsinki ganye, ya murza, ya kai hanci. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Ɓingel am, ɗana, wannan ka ɗauko a kan babur?”

“E, Baba.”

“Ta ina ka biyo?”

“Ta gaban birgad ɗinku na jandarmomi. Har na ɗaga musu hannu.”

Ya ce, “La'ilaha illallahu. Yaro, wannan banga ce. Tabar wiwi ka kawo wa surukinka.”

Wani mahauci ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ji zufa tana bin bayana har cikin wando. Alhaji bai ɗaga murya ba. Carbinsa kawai ya ajiye.

“Nawa ka shuka?”

“Bayan gidan duka, Baba.”

“'Yata da jikata suna kwana da wannan a bayan ɗaki tun farkon damina?”

A lokacin ne na hango kurkuku sosai, na hango Hadiza tana haɗa kayanta.

Baba Hamadu ne ya cece ni. Ya ce, “Alhaji, shekara da shekaru ina kama masu wannan sana'a. Ban taɓa ganin wanda ya yi sallama ya durƙusa ya kawo wa surukinsa dami ba. Wannan ba mugu ba ne, wawa ne.” Ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba.

Baba Hamadu da kansa ya sa ni gaba har birgad. Kwamanda ya sa na maimaita labarin sau biyu, na biyun don ya kira abokan aikinsa su ji. Suka bi ni gida suka tuge komai suka loda a mota, na sa hannu a takarda, aka ja mini kunne. Maƙwabta sun cika ƙofar gida suna kallo. Sai da suka tafi Hadiza ta leƙa filin ta ce, “Sannu da aiki, Sarkin Noma.” Sunan ya bi ni har kasuwa, yau ko masu sayen atamfa da shi suke kirana.

Abin da na koya shi ne, rashin sani bai taɓa kai mutum birgad ba, ƙin tambaya ne ke kai shi. Yanzu ko albasa zan saya, sai na tambayi mai tallar, “Hajiya, don Allah mene ne wannan?”