Ranar da Mafitar Harafi Ta Faɗa Kofin Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da walimar saukar ɗalibanmu a Ajingi ba. Ni ne malamin tajwidi, kuma haƙorana biyu na gaba na roba ne, tun faɗuwar da na yi a babur a hanyar Gaya. Ban da matata Hauwa, babu wanda ya sani. Har wa'azin asuwaki nake wa yara ina washe baki: "Kun ga albarkar asuwaki ko?" (Allah Ya yafe mini.)

Ana gobe walima ɗaya haƙorin ya ɓalle daga robarsa. Hauwa ta ce, "Malam, ka hau mota ka kai wa likitan da ya yi maka a Kano mana."

Na ce haba, Kano a kan wannan ɗan abin? Na ɗauko sufa gulun da muke liƙe takalma, na ɗiga, na manna, na sa a rana. Ta dube ni kawai ta ce, "To, Allah Ya sa a dace."

Washegari fili ya cika da iyaye. Taubashina Alhaji Sule, wanda ba ya raga mini ko a makabarta, yana sahun gaba da kofin zoɓonsa. Wani ɗalibi ya karanta harafin "tha" kamar "sa", irin namu na Hausawa. Da na yi shiru ai da shi ke nan. Ina! Neman suna ya sa na karɓe makirufo.

"Mafitar wannan harafi," na ce, "ita ce kan harshe da haƙoran gaba na sama. Ku dube ni da kyau."

Suka kuwa duba. Na ɗora harshe, na turo iska da ƙarfi. Haƙori ya yi tsalle, sai tsulum a kofin Alhaji Sule!

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya sa yatsa ya tsamo shi a natse, ya ɗaga sama.

"Malam, ga mafitar taka ta fita."

Na buɗe baki in ce "sannu", iska ta bi ta giɓin, sai ga "thannu" a lasifika.

"Yauwa!" in ji shi. "Yanzu harafin ya fito daidai."

Da asuba na hau motar Kano, bakina rufe da rawani. Tun daga ranar, in Hauwa ta ce "Allah Ya sa a dace", tashar mota nake nufa.