Kwaɗon Ɗakin Gyaɗa

A gidanmu mu uku ne: ni, da Inna surukata, da maigidana, wanda 'yan ƙauyenmu ke ce wa Gaɓo. Ni ba na faɗin sunansa, kuma ba na amsa wancan. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Bana gyaɗarmu ta yi kyau, muka zuba a ɗakin ajiya na bayan gida, sai buhuna suka fara raguwa. Wansa, Yaya Mati, ya ce wai maigidana ne ke barin ƙofa a buɗe, don haka a kwashe gyaɗar a kai gidansa. Ya kuma daka masa tsawa: "In ka ga ƙofar nan a buɗe, ka ja ka datse, kada ka tsaya leƙe!" Ni dai na lura tsohon kwaɗon ƙofar, wanda Yaya ya ba mu, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Wata rana na ce, "Malam, a samo mana sabon kwaɗo, ƙato, wanda ruwa ba ya yi wa komai." Da la'asar na tarar da shi ya ɗaure wani ƙaton kwaɗon fadama a jikin sakata, yana ta kumbura wuya. "Na gwada shi a randa," in ji shi, "ruwa bai yi masa komai ba." Inna ta zubar da ruwan randar tana salati.

Wata rana na ce, "Ba na fadama ba, na kasuwa." Ya dawo da kwaɗon zogale a leda, ya ji ƙuli har da yaji, ya rataye a ƙofar. Awaki suka cinye, suka haɗa da ledar. Matan makwabta suka leƙo ta katanga: "Kuluwa, sannu da haƙuri!" Na ce, "Haƙurin me? Ko ɗanɗanawa bai yi a hanya ba. Wane ne cikin mazanku zai iya?"

Wata rana, ranar kasuwa, na ce, "Na ƙarfe, mai makulli, wanda guduma ba ta ci." Sai ya tafi da gudumarsa. Mai tebur ya miƙo wani mai ƙyalli, ya ce, "Wannan ko giwa! Buga ka gani." Ya buga, kwaɗo ya tarwatse. Na biyu ma haka. Mai tebur na zufa ya jawo wani baƙi mai nauyi, gajeren wuya, wanda ko zarto ba zai sami wurin kamawa ba. Guduma ta yi tsalle, kwaɗo na nan. Mai tebur ya ce, "Ɗauka ka tafi, don Allah! Makullan kuma ka ajiye inda hannu ba ya kai."

Ya iso gida da azahar, ya ga ƙofar ɗakin a buɗe, tsohon kwaɗo na lilo. Bai leƙa ba. Ya ja, ya datse sabon, ya wuce rijiya ya jefa makullan duka.

Sai muka ji ana dukan ƙofa daga ciki: "Kai Gaɓo, buɗe! Ni ne!"

"Yaya, kai ka ce kada in leƙa."

Jama'a suka taru, har mai unguwa. Aka kawo guduma, aka yi ta bugu, kwaɗo ko gezau. Sai da aka yaye kwanon rufi aka zaro Yaya Mati, da makullin tsohon kwaɗo a aljihu, ga buhu ya ɗaure ya jingine a bakin ƙofa.

Ni da ba na ɗaga ido gaban manya, ranar na gyara mayafi na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu gidan wa za a kai gyaɗar?"

Mai unguwa ya dubi kwaɗon, ya ce, "Yarinya, ko mun so, wa zai buɗe?"