Jinin Surukina a Cikin Ƙanƙara

Ko na tsufa na rikice, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dangin matata Hadiza kaf a bakin asibiti don su ba da jinin da babu mai bukatarsa ba. (Lokacin ba ta zama matata ba tukuna. An dai sa rana, kuma saura ƙiris in warware ta da hannuna.)

Ni fa ba likita ba ne. Aikina ɗiga wa yara maganin shan-inna lokacin rigakafi, ina zagaya ƙauyukan Babankatami da akwatin sanyi a kafaɗa. Amma mutane na ce mini "lokotoro", wato likita, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Mahaifin Hadiza, Malam Idi, ya daɗe yana fama da gyambon babban hanji: zawo da jini, ya lafa ya dawo. Likitar da ke duba shi a Madawa ta ce ciwon kan tayar da ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda suke kira falaket, don haka sai ana auna su. Mai irin wannan ciwo ba ya shiri da doguwar hanya, sai aka ce majo, babban ma'aikacin jinyar garinmu, ya zo gida ya ɗebi jinin a ƴar kwalba, wani ya kai. Caraf na ce ni zan kai.

Majo ya yi mini bayanin yadda zan riƙe kwalbar, amma Hadiza na leƙowa daga zaure, ko kalma ɗaya ban ji ba. A sanina, duk abin asibiti mai daraja cikin sanyi ake sa shi. Na binne kwalbar a tsakiyar ƙanƙara, na ƙara leda biyu don tsabar ƙwazo, na ɗaure akwatin a bayan moto, wato babur, na kama hanyar Madawa.

Da aka gama awo, aka miƙo mini takarda aka ce in jira likita. Jira? Ni? Na buɗe, na ga layin falaket an ja masa alama, lambar ta faɗi warwas. Nan take na kira yayan Hadiza: "Yaya, jinin Baba ya ƙare! Ku taho da shi yanzu, da duk wanda ka iya ba da jini!"

Kafin la'asar mota ta iso maƙil: kawunai, gwaggonni, har da limamin unguwa. Ana tsakar girbi, gero suka bari a gona. Tsohon da ake so a hutar, ga shi an kwaso shi, sun tsaya sau huɗu a hanya (ba sai na faɗi dalili ba). Mata na kuka, ni kuma ina jera maza a layi ina ba da umarni.

Likita ta fito, ta dubi takardar, ta dubi Malam Idi yana jan carbinsa lafiya lau. Ta shiga ɗakin awo, can ta dawo.

"Wa yak kawo kwalbag ga?"

"Ni ne, Madam." (Har da ɗaga hannu, wallahi.)

"Cikin mi kas sako ta?"

Na buɗe akwatin ina murmushi.

A gaban kowa ta yi bayani. Jikin wasu masu ciwon nan kan ƙera sojojin da ke juyawa su auka wa jikin da kansa. In jininsu ya sha sanyi a kwalba, sai sojojin su kama falaket su cure su kamar dawo, injin ƙirga kuwa ba ya ganin curi. Aka sake ɗiba aka auna da ɗuminsa. Falaket ɗin Malam ba su ƙare ba, yawa ma suka yi, abin da take tsoro tun farko. Ta sauya masa magani.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata gwaggo ta share hawaye ta ce, "Ashe mai saida ƙanƙara munka samu." Ni dai na riga na yi bankwana da Hadiza a zuciyata.

Malam Idi, wanda kunyar surukuta ba ta taɓa bari ya yi mini magana ido da ido ba, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, rana tana nan inda anka sa ta. Amma in Allah ya ba ku haihuwa, kak ka sa min jika cikin akwatin ga."

Har liman sai da ya riƙe ciki don dariya.

Na dai koyi cewa ƙwazon wanda bai saurara ba ya fi lalaci ɓarna. Da malalaci aka aika, aljihu zai jefa kwalbar, kuma da ta isa lafiya.