Rasuwar Annabel, Amfilifayar Sagiru Mai Wankin Hula

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da ya kasa ɗagowa, Sagiru mai wankin hula na Ƙofar Gayan yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Annabel, amfilifayar jitarsa, wato na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, a shagonsa, a gaban idonsa.

Marigayiyar 'yar Wusasa ce. Ta yi ƙuruciyarta a hannun Baba Harold, tsohon malamin makaranta, tana raka shi coci da gidajen biki. Shi ya raɗa mata suna, shi kuma ya koya wa Sagiru kiɗa. Da yatsun tsoho suka daina jin magana, sai ya ba shi ita kyauta, da sharaɗi ɗaya tak: kada a toshe mata kafofin iska.

Baiwar Allah ce marar garaje. In an kunna ta, sai kwalaben cikinta sun yi ja kamar garwashi, ta yi "mmmmm" can ƙasa-ƙasa, kafin ta yarda ta buɗe murya. Malam Labaran mai gyaran rediyo ya sha faɗa cewa 'yar ajin A ce. 'Yan ajin AB, in ji shi, kwalabensu karɓa-karɓa suke yi, wannan ya ɗauka wancan ya ɗan sarara. Ita kuwa ko ana kiɗa ko ba a yi, wuta take ja da dukan ƙarfinta. Shi ya sa muryarta zaƙi, shi ya sa kullum jikinta zafi rau.

Wannan zafin ne Sagiru ya gani.

Damina ta yi nisa, rana ta ƙi fitowa, masu huluna sun matsa masa. Ya ɗora mata jiƙaƙƙiyar hula ɗaya, don gwaji kawai. Ta bushe ƙayau. Washegari ya jera mata huluna har baya, inda kafofin iskar suke. Bai ko jona jita ba. Ba ta yi ƙorafi ba, tana dai "mmmmm" ɗinta, ruwan sitaci yana ɗiga mata a ciki. Ranar Talata ta ce "tsssss", ta ce "fat", ƙauri ya cika shago. Malam Labaran ya buɗe ta, ya ga sitaci ya daskare, ya dubi Sagiru, ya mayar da murfi.

Hulunan sun yi kyau. Masu su har yabawa suka yi, kuma wannan ya fi komai ci masa rai.

Ta rasu ta bar jita guda, da wayar jonawa, da kyanwar maƙwabta da har yanzu take zuwa neman ɗumi. Ta kuma bar Baba Harold, wanda duk Lahadi yakan kira a waya a kara masa ita ya ji muryarta. Bai sani ba tukuna.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan La'asar, a keke napep, a bi ta Ƙofar Doka zuwa Wusasa, mahaifarta. Sagiru zai riƙe ta a cinya, ba tare da an lulluɓe ta da komai ba. Ana roƙon duk wanda ya riga shi isa ya gaida Baba kawai, ya ja bakinsa. Sagiru ne ya ɗora hular, shi zai durƙusa ya faɗa.