Yadda Injiniya Ya Busar Mini da Daɓe

Allah Ya yi wa garin Irbid baiwa da masana, amma babu kamar wan mijina, Abu Gassan, Injiniyan Injiniyoyi, Bajamushen unguwarmu. Wata bakwai ya yi a Jamus yana wanke motoci, ya dawo da hula mai gashi da ilimin da har yau, shekara talatin, bai ƙare ba. Ko ƙusa za ka buga a bango, dakata ka ji yadda ake buga ta a can.

Shekara goma sha tara ina zaune a ɗaki biyu ƙarƙashin benensa, ina jin tarinsa ta rufi. Bana muka gama namu ginin. Burina ɗaya ne: miyar buɗa-bakin farko in dafa ta a kicin ɗina. Har buhun adas, ɗan ƙaramin waken nan da muke miyar da shi, na kai can na ajiye, don gidan ya san ina tafe.

Saura mako shida azumi aka zuba daɓen siminti. Malam Subhi mai tayil ya ce, "Umm Lais, ki riƙa buɗe tagogin gaba da na baya safe da yamma, iska ta ratsa. In ya bushe, kwana huɗu na shimfiɗa miki tayil."

Sai labari ya kai wa Injiniya. Ya iso da hularsa.

"Iska? Cikin wannan sanyin? Haba Subhi, kai da ba ka taɓa wuce Zarƙa ba! Siminti jariri ne. Wa ke buɗe wa jariri taga? Zafi ke busar da abu. Talal, kawo makulli."

Talal mijina, wanda ko a mafarki bai taɓa ce wa wansa a'a ba, ya miƙa.

Aka liƙe tagogi da leda. Aka rataya bargo a ƙofa. Aka kunna murhun kananzir uku, daga safe zuwa magariba. Da yake a garinmu murhu ba ya ci a banza, kowanne aka ɗora masa butar shayi. Tururi ya turnuƙe, Injiniya ya kafa kujera a tsakiyar falona, tsofaffin unguwa suka samu wurin shan ɗumi kyauta, shi kuma ya samu masu sauraro. Gilashin tagogi ya soma kuka. Rufi ya soma ɗiga masa a hula.

"Kun gani?" in ji shi, yana nuna sama da kofi. "Ruwan ne ke gudu daga daɓen! A Jamus sai mai digiri ke gane wannan."

Na ce, "Yaya, in ya gudu ina za shi? Ai ka kulle masa ƙofa."

"Umm Lais, je ki duba tukunyarki."

Saura kwana biyar azumi ya gayyato unguwa ganin abin al'ajabi. Malam Subhi ya ɗaga ledar da ya shimfiɗa a daɓen tun jiya don gwaji. Ƙasanta sharkaf, kamar an tsamo ta daga rijiya. Kusurwoyi sun yi baƙi da fumfuna.

"Ƙarin wata guda, tagogi a buɗe," in ji shi. "In na sa tayil yanzu, kafin Sallah ya ɓamɓare."

Injiniya ya gyara murya zai tona asirin simintin ƙasarmu, sai maƙwabciyata ta fito daga kicin tana riƙe ciki don dariya, ta kasa magana, sai nuni. Muka ruga. Buhun adas ɗina ya tsiro! Kore shar, ta kowace kafa, tsawon yatsa, ya fi gonar kowa kyau a damunar bana.

Na fizge makullin daga hannun Injiniya, na yage ledojin nan da hannuna. Amma azumi a tsohon ɗakina ya same ni, ƙarƙashin tarin Injiniya.

Ranar farko Injiniya ya sauko buɗa-baki kamar yadda ya saba, ya zauna a wurin manya. Na zuba wa kowa miya mai zafi. Shi kuwa na dire masa faranti cike da tsiron adas, da ɗan gishiri a gefe.

"Bismillah, Injiniya," na ce. "Amfanin gonarka ne."